Kwalba Huɗu a Maiurno

Kwalin ya iso Maiurno a motar Sinnar,
ƙarƙashin buhun albasa, gefe ɗaya ya lotsa.
Muzammil ya rubuta a bayansa daga Jidda:
"A hankali, akwai gilashi."

Na zazzage shi a kan faifan Inna.
Waya ja, waya baƙa,
taransifoma mai nauyin ɗan dutsen niƙa,
'yan razista kamar wake mai ɗamara,
kowanne launinsa ne ke faɗin sunansa,
sai bawul huɗu kwance cikin auduga
kamar ƙwan da kaza ta bari ta tafi kiwo.

Ni da na saba da injin ban-ruwa a bakin Nilu,
inda guduma ke raba gardama,
yau ga ni da hantsaki,
ina riƙe numfashi don ƙafar da ba ta kai tsinke ba.
Dalma ta narke, hayaƙinta ya nufo idona
kamar ya san ni.

Dare na uku aka ɗauke wuta.
Na sa bakin ƙarfen cikin garwashin jabana,
na ci gaba da fitila a haƙori.
Dare na biyar na juya wa kafasita ƙafa,
ta yi fas! ta watso takarda har cikin shayi.
Baba daga kan angarib ya ce,
"Tijjani, rediyo kake haɗawa ko bindiga?"

Na kashe, na zare filogi, na kai hannu,
ta harbe ni har gwiwar hannu.
Ashe akwai abin da ke riƙe fushinsa
bayan an ɗauke masa abinci.

Sati biyu, sannan na kunna.
Shiru.
Na ƙirga goma, na ƙirga ashirin,
sai wani ja ya tsiro a cikin kwalaben,
ba harshe, ba hayaƙi,
garwashi huɗu a ɗakin da aka kwashe wa iska.
Lasifika ta yi gurnani, gurnani kawai,
irin na saniyar da aka raba da ɗanta.

Na bi taswira da yatsa, layi layi,
kamar mai neman ɓatacciyar akuya a gonar riɗi.
Can ƙasa na same ta:
ɗigon dalma ya zauna bai kama ba,
gaisuwar fatar baki.
Na sake narka shi. Gurnanin ya kwanta.

Na yi niyyar in sa labarai.
Baba ya tashi, ya buɗe akwatin ƙarfe,
ya miƙo kaset da sunansa ya goge,
wanda Inna ta aiko shekarar da ta yi a Makka
tana jinyar ƙanwarta.

Shekara tara rabonmu da muryar.
Ba ta yi wa'azi ba, ba ta yi bankwana ba.
Tana ƙorafin tsadar tumatir,
tana tambaya ko an gyara ƙofar bayan gida,
ta ce kar a bar Tijjani ya yi wasa da waya.
Bayanta wani yana wanke kwano.
Ta yi tari, ta ja numfashi,
numfashin ya cika rumfar har bakin zaure.

Baba, da kunnensa ya yi nauyi tun bara,
ya matso da tabarma,
ya ɗora tafinsa sama da kwalaben
kamar mai jin ɗumin murhu da asuba.
"Da zafi," ya ce.
Na ce haka suke, sai sun yi zafi suke magana.

Kaset ya ƙare, ya yi ƙas.
Ba wanda ya tashi.
Kwalba huɗu na nan suna ci,
ƙofar bayan gida na kaɗawa a iska,
har yau ba a gyara ta ba.